Ousmane Sembene: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗan Dakon da Ya Zama Daraktan Fim

Duk inda aka zauna hirar tarihin fim a Afirka, da wuya a tashi ba a ambaci Ousmane Sembene na Senegal ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da amsoshinsu.

Wane ne Ousmane Sembene, a taƙaice?

Marubuci ne kuma daraktan fim. An haife shi a watan Janairun 1923 a garin Ziguinchor da ke yankin Casamance a kudancin Senegal, ya rasu a Dakar ranar 9 ga Yuni, 2007, yana da shekara 84. Daga 1963 zuwa 2004 ya yi manyan finafinai tara da wasu gajeru, ban da littattafan ƙagaggun labarai da ya rubuta da Faransanci. Kusan duk hotonsa da za ka gani, akwai lofe a bakinsa.

Gaskiya ne bai yi karatun boko mai zurfi ba?

Gaskiya ne. Mahaifinsa masunci ne. Ousmane ya yi makarantar allo, ya kuma shiga makarantar Faransawa, amma ko firamare bai kammala ba aka kore shi saboda rikici da shugaban makarantar. Ya bi uban zuwa su, abin bai karɓe shi ba, sai aka tura shi Dakar wajen dangi, inda ya taɓa kanikanci ya kuma yi aikin gini. A 1944 aka ɗauke shi sojan mulkin mallaka, cikin rundunar baƙar fata da Faransa ke kira Tirailleurs, har aikin ya kai shi Nijar.

Bayan yaƙi ya ɓuya a cikin jirgin ruwa ya tsallaka Faransa. Ya ɗan yi aiki a masana'antar motoci ta Citroën a Paris, sannan ya gangara Marseille ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya kwashe kusan shekara goma yana wannan aiki. A nan ne ya yi karatunsa na gaske. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago ta CGT, ya shiga jam'iyyar Kwaminis ta Faransa, ya dinga aron littattafai a ɗakin karatun ƙungiyar yana karantawa kamar mai ramuwar gayya. Wata rana kaya suka ji masa mummunan ciwo a baya, ya daɗe a kwance, kuma wannan jinya na daga cikin abin da ya tura shi ga rubutu. Littafinsa na farko, Le Docker noir, ya fito a 1956, labarin wani baƙar fata ɗan dako ne a Marseille ɗin. Na 1960 kuwa, Les Bouts de bois de Dieu, shi ya ɗaga sunansa: labarin yajin aikin ma'aikatan layin dogo na Dakar zuwa Bamako, wanda aka fara a Oktoban 1947 aka gama a Maris na 1948. Har yau ana karanta fassararsa a makarantun Afirka da dama.

To tunda rubutu ya karɓe shi, me ya kai shi fim?

Wannan ce tambayar da duk rayuwarsa ta rataya a kai. Da Senegal ta sami 'yancin kai a 1960 ya dawo gida, ya kuma zaga wasu ƙasashen Afirka, sai ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Mutanen da yake rubutu a kansu, masunta da leburori da matan kasuwa, ba sa karanta abin da ya rubuta. Yawancinsu ba su iya karatun boko ba, balle na Faransanci. Wanda ke sayen littafin ɗan boko ne a Dakar ko Bature a Paris. Amma da dare ya yi, waɗannan talakawa su ne ke cika gidajen silima suna kallon finafinan kaboyi da na Indiya da na Masar.

Shi ya sa, yana dab da shekara 40, shekarun da wani ke ganin ya wuce koyon sana'a, ya tafi Mosko a 1962 ya koyi haɗa fim a ɗakin shirya finafinai na Gorki, ƙarƙashin darakta Mark Donskoy. Ya sha kwatanta silima da makarantar dare. Bai daina rubutu ba, wasu finafinansa ma daga littattafansa ya ciro su, amma daga nan abin da ya dame shi bai wuce ɗaya ba: wa nake yi wa magana, kuma yana jin harshen da nake yi da shi?

Me ya sa ake kiransa uban finafinan Afirka? Shi ya fara?

Ba shi ya fara ba, kuma laƙabin yana buƙatar gyara. Masar tana da masana'antar fim tun shekarun 1930. A ƙasashen rainon Faransa ma, Paulin Soumanou Vieyra da abokansa sun yi Afrique sur Seine a 1955, amma a Paris suka ɗauke shi, domin wata doka ta 1934 da ake kira dokar Laval ta hana ɗaukar fim a ƙasashen mulkin mallaka sai da izini, izinin da ɗan ƙasa ba ya samu cikin sauƙi. A Nijar kuma Moustapha Alassane ya fitar da gajeren fim ɗinsa Aouré a 1962.

Abin da ya ba Sembene laƙabin shi ne, fim ɗinsa La Noire de… na 1966 ne babban fim na farko daga wani darakta baƙar fata na kudu da Sahara da duniya ta tsaya ta kalla. Sai kuma juriya. Da yawa sun yi fim ɗaya ko biyu suka ɓace. Shi ya kwashe shekara 40 yana yi, na baya suna koyi da shi ko suna jayayya da shi.

Yaya finafinansa na farko suke?

Borom Sarret na 1963 bai wuce minti 20 ba, fari da baƙi, amma kusan duk abin da zai faɗa daga baya yana ciki. Wuni guda ne a rayuwar wani mai keken doki a Dakar. Ya yi sallar asuba ya fita neman na cefane. Ya ɗauki waɗanda suka saba hawa ba sa biya, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai wani uba da gawar jaririnsa maƙabarta. Ɗan abin da ya samu kuma wani maroƙi ya wasa shi da kirarin kakanninsa, kansa ya fasu, ya juye masa. Can sai ga wani mai kwat ya lallashe shi ya kai shi Plateau, unguwar manya da aka hana keken doki shiga. Ɗan sanda ya tare shi ya ƙwace keken, mai kwat ya shige mota ya yi gaba bai biya ko sisi ba. Ya dawo gida yana jan doki, hannu biyu. Matarsa ta miƙa masa goyo ta ce yau za a ci abinci a gidan nan, ta fice. Ina za ta? Sembene bai faɗa ba.

La Noire de…, na 1966, labarin Diouana ne, yarinyar da ke rainon 'ya'yan wasu Turawa a Dakar, suka tafi da ita garin Antibes a kudancin Faransa. Ta tafi da murnar ganin ƙasar Turawa, ta tarar Faransar tata ba ta wuce kicin da banɗaki da falo ba. Wurin da ya fi ciwo shi ne inda wasiƙa ta zo mata da sunan mahaifiyarta. Diouana ba ta iya karatu ba, sai maigidan ya karanta mata, ya kuma ɗauki biro ya fara rubuta amsa a madadinta, wai tana nan lafiya lau. Ita tana zaune tana ji ana magana da bakinta. Ƙarshenta ta kashe kanta a banɗaki. Sembene ya samo tushen labarin ne daga wani ɗan gajeren rahoto a jaridar Faransa. Mbissine Thérèse Diop ce ta fito a Diouana, kuma fim ɗin ya ci kyautar Jean Vigo a Faransa da babbar kyautar bikin finafinai na Carthage a Tunisiya.

Me ya sa ake yawan ambaton Mandabi?

Domin a nan ne ya cika alkawarin da ya kai shi Mosko. A La Noire de… har tunanin zucin Diouana da Faransanci ake jin sa, abin da ya saɓa wa hankali. A Mandabi na 1968 kuwa 'yan wasa sun yi magana da Wolof, harshen da ake ciniki da faɗa da shi a titunan Dakar. Da yake kuɗin aikin daga Faransa ya fito, sai da ya ɗauki fim ɗin iri biyu, ɗaya da Wolof ɗaya da Faransanci.

Labarin zai ba ka dariya kafin ya ba ka haushi. Ibrahima Dieng magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ba aikin fari ba na baƙi, amma akwai babbar riga da son girma. Ɗan 'yar'uwarsa da ke share titi a Paris ya aiko da takardar karɓar kuɗi a gidan waya, ta sefa dubu 25: dubu 20 a ajiye masa, dubu 3 na mahaifiyarsa, dubu 2 kacal na kawu. Kafin Dieng ya ga ko dala, labari ya game unguwa. Matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, masu neman taimako sun yi layi a ƙofar gida. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai ya faɗi ranar da aka haife shi, shi kuwa bai sani ba. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa sai an yage shi, har wani ɗan boko da ya amince wa ya karɓi kuɗin ya ce an sace. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin finafinai na Venice da ke Italiya.

A ganina wannan ne fim ɗinsa da ya fi tsufa da kyau. Bai mai da Dieng waliyyi ba. Mutum ne mai fankama, mai yi wa matansa tsawa, amma duk da haka gwamnatin ƙasarsa tana yi masa magana da harshe da takardun da bai san kansu ba.

Da Wolof kaɗai ya yi fim?

A'a. Emitaï na 1971 da harshen Diola na Casamance ne, kan yadda matan wani ƙauye suka ɓoye shinkafarsu lokacin da sojan Faransa suka zo ƙwacewa a Yaƙin Duniya na Biyu. Na ƙarshensa kuma da Bambara ne. Yana cikin waɗanda suka kafa jaridar Kaddu ta Wolof a farkon shekarun 1970.

Yaya dangantakarsa da gwamnatin Senegal?

Zaman doya da manja. Shugaban ƙasar na farko, Léopold Sédar Senghor, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980, mawaƙi ne kuma gwanin Faransanci, mai kusanci da Paris. Sembene ɗan ƙwadago ne mai ra'ayin gurguzu, yana ganin an sauya masu mulki ne kawai ba a sauya mulkin ba.

Xala na 1975 shi ne ya faɗi haka ƙarara. Fim ɗin ya buɗe da 'yan kasuwar ƙasa suna korar Turawa daga majalisar ciniki ana kiɗa ana guɗa. Jim kaɗan Turawan suka dawo da jakunkuna cike da kuɗi, suka ajiye wa kowa tasa a gabansa, suka koma gefe a matsayin masu ba da shawara. Ɗaya daga cikin manyan, El Hadji Abdou Kader Bèye, ya karkatar da dukiya ya yi auren ta uku na kece raini, daren farko kuma ya kasa kusantar amarya. An yi masa asiri. Ya dinga yawon bokaye har arzikin ya tsiyaye. Akwai inda direba ke wanke masa Marsandi da ruwan gora na Evian da ake shigowa da shi daga Faransa, akwai kuma inda 'yarsa Rama ke amsa masa da Wolof shi yana ta zuba Faransanci. Hukumar tace finafinai ta yanke wurare da dama kafin ta bari a nuna shi.

Me ya faru da Ceddo? An ce an hana shi saboda addini.

An hana nuna shi a Senegal na tsawon shekaru bayan fitowarsa a 1977. Dalilin da gwamnati ta bayar na ban mamaki ne: wai bisa ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa da Senghor ya sa wa hannu, da "d" ɗaya ake rubuta sunan, ba biyu ba. Sembene ya ƙi gogewa. Mutane kaɗan ne suka yarda harafi ne matsalar.

Abin da ke cikin fim ɗin shi ne mai nauyi. Wata masarauta ce ta zamanin da, inda sarki ya musulunta, wani limami ya yi ƙarfi a fada, aka fara tilasta wa masu addinin gargajiya. Su kuma suka sace gimbiya don nuna ƙin yarda. Akwai limamin cocin Katolika da Bature mai sayen bayi a gefe, kowa da nasa nufin. Limamin ya ƙare da hawa karaga, gimbiyar ta harbe shi. A ƙasar da mafi yawan jama'a Musulmi ne, kuma shehunan ɗariƙu ke da ƙarfi a siyasa, ba sai an gaya maka dalilin da gwamnati ta ji tsoro ba.

Mai kallo Musulmi zai iya jin zafin fim ɗin, kuma akwai masana da suka soki yadda ya cusa abubuwan ƙarnoni daban-daban cikin labari guda, ya kuma rage tarihin shigowar Musulunci yankin, wanda galibi ta hanyar fatauci da malanta ya bi, zuwa labarin tilas. Wannan suka tana da tushe. Masu kare shi kuma suna cewa ba addini ya nufa ba, masu hawa addini don kai wa ga mulki ya nufa. Ko a Guelwaar na 1992 ya koma kan batun ta wata fuskar: an yi kuskure a ɗakin ajiye gawa, aka binne wani Kirista ɗan gwagwarmaya a maƙabartar Musulmi, gari ya kusa kamawa da wuta, kuma limamin ƙauyen ne ya tsaya kan gaskiya har aka warware.

Faransa fa? An ce ita ma ta toshe wani fim ɗinsa.

Camp de Thiaroye ke nan, na 1988, wanda ya yi tare da Thierno Faty Sow. Abin da ya faru da gaske ne. Ranar 1 ga Disamba, 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai, da yawansu bayan zaman fursuna a hannun Jamusawa, don kawai sun nemi a biya su haƙƙinsu. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama na cewa adadin ya kai ɗaruruwa. Sembene tsohon soja ne na wannan runduna, don haka ya san rayuwar bariki daga ciki: irin abincin da ake ba baƙi, irin kakin da ake karɓewa, irin gurɓataccen Faransancin da sojojin ƙabilu daban-daban ke fahimtar juna da shi.

Kuɗin fim ɗin daga Senegal da Aljeriya da Tunisiya ya fito. Ya ci kyauta ta musamman a Venice, amma ya yi kusan shekara goma bai shiga gidajen silima na Faransa ba. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne aka yi a Thiaroye.

A ina yake samun kuɗi?

Da ƙyar da jiɓin goshi. A zamaninsa ɗanyen fim ake saya daga Turai, a ɗauka a Senegal, a mayar Turai a wanke, wani lokaci sai an yi makonni darakta bai ga abin da ya ɗauka ba. Shi da kansa ya kwatanta aikin da na mai tsintar guntayen taba a ƙasa yana haɗawa ya sami kara guda. Ya kafa kamfaninsa, Filmi Doomi Reew, don kada wani ya mallake masa aiki.

Wahalar da ta fi ta kuɗi ita ce ta nunawa. A shekarun 1960 kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kusan duk gidajen silima na ƙasashen rainon Faransa, kuma tsofaffin finafinan waje masu arha sun fi musu riba. Sai ga mutumin da ya bar alƙalami don ya isa ga talaka, finafinansa sun fi samun masu kallo a bukukuwan Turai da jami'o'in Amurka. Ya yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar ɗaukar majigi zuwa garuruwa da ƙauyuka, a nuna fim, a zauna a yi muhawara da shi a wurin. Amma matsalar ba ta warware ba har ya rasu, lokacin da gidajen silimar Dakar ma ake ta rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Wace rawa ya taka a FESPACO?

Yana cikin na gaba-gaba tun da aka fara wannan bikin finafinan Afirka a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a 1969, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI. Ya riƙa kai finafinansa a nuna ba tare da shiga gasa ba, don ya bar wa na baya fili. Babbar kyautar bikin da aka fara bayarwa a 1972, Oumarou Ganda na Nijar ne ya ɗauke ta.

Me ya sa mata suka yi yawa a finafinansa na ƙarshe?

Tun farko suna nan, daga matar mai keken doki zuwa matan da suka ɓoye shinkafa. A ƙarshe dai ya ba su fagen gaba ɗaya. Faat Kiné na 2000 labarin wata mace ce mai kula da gidan mai a Dakar, wadda ta raini 'ya'yanta biyu ita kaɗai bayan iyayensu maza sun gudu.

Moolaadé na 2004 ya yi shi yana da shekara 81, a wani ƙauye na Burkina Faso. Yara mata huɗu sun gudo daga wurin kaciya suka faɗa gidan Collé, wadda ta taɓa hana a yi wa 'yarta. Collé ta ɗaure igiya mai launi a ƙofar gida, alamar ta ba su mafaka bisa wata tsohuwar al'ada da ba mai iya tsallakewa sai ita ta janye da bakinta. Dabarar Sembene ke nan: bai kawo wani daga birni ko daga Turai ya yi wa ƙauye wa'azi ba, al'ada ya sa ta kara da al'ada. Dattawa suka tattara rediyoyin mata suka cinna musu wuta, aka sa mijin Collé ya yi mata bulala a bainar jama'a don ta furta kalmar janyewa, ta ƙi. Fatoumata Coulibaly ta Mali ce ta fito a Collé. Fim ɗin ya ci kyautar sashen Un Certain Regard a bikin Cannes.

Akwai abin da ya so yi bai samu ba?

Samori. Ya kwashe shekaru da dama yana bincike da rubutu don yin gagarumin fim kan Samori Ture, wanda ya yi ta gwabzawa da Faransawa har suka kama shi a 1898. Kuɗin da aikin ke buƙata ya fi ƙarfin abin da zai iya tarawa. Haka kuma Faat Kiné da Moolaadé biyu ne daga cikin uku da ya tsara, na ukun bai kai ga ɗauka ba.

Wanda bai taɓa kallonsa ba, da wanne zai fara?

Da Mandabi, sannan Borom Sarret tunda gajere ne, sannan Xala. A bar Ceddo sai an saba da hannunsa. A kuma shirya wa tafiyar hawainiya: kyamararsa ba ta gaggawa, yawancin 'yan wasansa ba ƙwararru ba ne, kuma wani lokaci, musamman a Guelwaar, jawabi kan yi tsawo har ya koma lacca. An gyara hoton Borom Sarret da La Noire de… ƙarƙashin shirin adana tsofaffin finafinai da darakta Martin Scorsese ya kafa, Mandabi ma an sabunta shi, don haka kwafinsu masu kyau suna samuwa. Mai son tarihin rayuwarsa kuma ya nemi fim ɗin Sembène! na 2015, wanda Samba Gadjigo, marubucin tarihinsa, ya shirya tare da Jason Silverman.